Ranar da Kwamfutar Kasuwar Kifi Ta Ƙi Tashi

Shugaba Hung, kai ne ka sa aka wanke jinin 'yata da tiyo. Kai, ba wani ba. Ka tsaya a ƙofar ɗakin ƙanƙara kana nuna inda za a fesa ruwa, sannan ka fito ka ce wa mutane santsi ne ya kwashe ta. Ni Pan Kim-ki, mai fere kifi a layin baya, ban taɓa zama a aji ba, amma ba a yi mini ƙarya a kan abin da na haifa. Zan faɗi yadda aka yi tun daga tushe, mai jin haushi ya ji.

Kasuwarmu ta bakin teku da asuba take ci, rana na take tsaka kowa ya naɗe kayansa. Ranar da abin ya faru, sai da yamma mai gadi Kuo ya kira 'yan sanda, wai ya tarar da mace kwance a ɗakin ƙanƙara. Macen nan Su-yen ce, 'yata tilo, wadda muke aiki a tebur ɗaya.

Sufeto Liao ne ya zo. Gajere ne mai furfura, ba ya son dogon turanci. Yana durƙusawa kan gawar na ture ɗan sandan da ya tare ƙofa na shiga.

"Goggo, fita."

"Ni na haife ta. Kai ka fita."

Ya juya kan Su-yen a hankali. Ƙeyarta a fashe take wuri biyu. Yatsun hannunta na dama sun karye sun koma baya. A kafaɗarta akwai rami mai zurfi, irin wanda ƙugiyar jan ƙanƙara take yi. Idanunta a buɗe suke, sun daskare.

Amma daɓen tas yake. Ko ɗigon jini babu.

Hung, shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa, yana tsaye a bayanmu yana share gumi.

"Santsi ne, Sufeto. Kowace shekara sai wani ya sha ƙasa a nan."

"Sau biyu ta faɗi a kan ƙeya ɗaya?"

"Wataƙila ta tashi ta sake zamewa."

"Daga nan ta miƙe ta wanke daɓen, ta koma ta kwanta?"

Hung ya yi tari. "Masu shara ne, ba su sani ba. Ni dai na riga na kira masu shirya gawa. Gara a ƙona ta da wuri, tsohuwa ta huta da baƙin ciki."

Na tara yawu na tofa masa a ƙirji.

Sufeto ya ja ni waje. "Goggo, ba zan ɓoye miki ba. Mutumin nan da manyan gari yake cin abinci, an riga an bugo wa ogana waya. In ban kawo shaida ba, haɗari za a rubuta, a rufe magana, a matsa miki ki ƙona ta, raunukan su bi hayaƙi." Ya ɗaga haɓa ya nuna kyamarar da ke saman ƙofar ɗakin ƙanƙara. "Waccan ce kaɗai ta gani. Da wa 'yarki take faɗa?"

"A-fa, ɗan ƙanwar Hung, mai manyan tebura a layin gaba. Kifinsa ko ya kwana ya wuni ƙuda ba ya sauka a kai. Su-yen ta gaya masa a gaban mutane sai ta gano abin da yake zuba masa."

"Faɗan kasuwa ba shaida ba ne."

Duk da haka ya sa aka kirawo A-fa. Ya zo a kan babur, ƙato, da safar roba har gwiwar hannu kamar yadda muke sawa duka.

"Ina kake da rana?"

"Tashar jiragen ruwa, Yallaɓai. Ina cinikin kifin gobe. Ko kusa da kasuwa ban zo ba." Ya juyo gare ni. "Sannu, Goggo. Su-yen ƙanwata ce."

"Ƙanwar uwarka," na ce.

Ofishin ƙungiya ɗan ɗaki ne a saman bene. A nan kwamfutar da ke ajiye hotunan kyamarori take, baƙin akwati a kan tebur. Sufeto ya kira Saja Shih, wata mace mai faɗin kafaɗa da ke kula da na'urori a caji ofis. Ta iso da jakar kayan aiki, ta danna makunni.

Shiru. Ba haske, ba ƙarar fanka.

"Tun yaushe ta mutu, Baba Kuo?" Sufeto ya tambayi mai gadi.

"Tun shekaranjiya, Yallaɓai. Tsufa ne. Haka kawai ta ɗauke."

"Kamar yadda Su-yen ta faɗi haka kawai," in ji Sufeto.

Saja Shih ba ta saurare su ba. Ta cire wayar kwamfutar daga soket ta jona fankar tebur, fanka ta juya. "Bango yana da wuta." Ta ciro wayar butar shayin Kuo, ta maƙala a bayan kwamfutar, ta danna. Shiru. "Ba waya ba ce." Ta shafa ɗan makunnin da ke baya, ta kashe ta kunna. Shiru.

"To me ya rage?" in ji Sufeto.

"Cikinta, Yallaɓai. Sai an farke."

Amma Sufeto saman akwatin yake kallo. A garinmu kowa ya san ba a barin na'ura babu koriyar ledar gugguru a kanta. Firizata ma tana da tata. Koriya ce ke sa na'ura ta yi biyayya, muddin ba a buɗe ledar ba, kuma kwanan watan da ke jikinta bai wuce ba. To ta kan kwamfutar nan tana nan a zaune, amma a farke, ba ko ƙwaya ɗaya a ciki.

"Wa ya cinye wannan?"

"Ɓera ne, Yallaɓai," in ji Kuo.

Sufeto ya ɗaga ledar da bakin biro. Yankan a miƙe yake kamar an ja layi.

"Ɓeran nan yana yawo da wuƙar fere kifi?"

Kuo ya sunkuyar da kai.

Saja Shih ta kwantar da akwatin, ta kwance kusoshin murfin da yatsu. "Waɗannan kwanan nan aka taɓa su, ba su ɗauru ba." Tana ɗaga murfin wari ya buge mu, ƙauri haɗe da ƙarni. Ni na san warin nan tun ina yarinya. Ruwan gishirin da muke jiƙa kifi ne.

Ta haska fitila kan ɗan akwatin ƙarfen da ke kusurwa. Farin gishiri ya bushe a ramukansa, gefe ya yi baƙi ƙirin.

"Wannan ne ke raba wa sauran wuta. An ɗura masa ruwan gishiri ta baya tana cikin aiki, ya fashe. Ba tsufa ba ne, Yallaɓai, kisa ne na biyu."

"Hotunan fa?"

"Suna faifan ajiya, ga shi can sama, ruwa bai kai ba. Wanda ya yi aikin nan ya san kifi, bai san kwamfuta ba." Sai ta tsaya. Ta zura hannu ƙasan akwatin, bayan tarin wayoyi, ta zaro wani abu.

Ledar gugguru ce. Rawaya, sabuwa fil, ba a buɗe ba.

Kuo ya ja da baya har ya bugi bango. Koriya ke raya na'ura, rawaya kuwa kashe ta take yi. Rawaya a cikin na'ura! Wannan ai mugunta ce tsagwaronta. Wanda ya sa ta bai yarda da gishirin ba, so yake kwamfutar ta mutu mutuwar da ba tashi.

Sufeto ya karɓe ta da safar hannu ya juya. A bayanta akwai 'yar takardar farashi mai hatimin shagon bakin ƙofar kasuwa. A gefenta kuma shafar jini, ta bushe.

"Saja, za ta tashi?"

"In na sami wani akwatin wutar. Kuma a fitar mini da wannan tsinanniyar leda daga ɗakin."

"Ke ma kin yarda da wannan?"

"Ban yarda ba, Yallaɓai. Amma a fitar da ita."

Ta sauka ta ciro akwatin wutar tsohuwar kwamfutar ofishin awo, ta dawo. Ta goge allon ciki da burushi da wani ruwa mai warin asibiti, ta busar, ta jona wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ta danna.

Fanka ta yi juyi ɗaya ta tsaya.

Na dafa bango. Na ga 'yata ta tafi a banza, na ga Hung yana dariya a wurin cin abinci.

"Kar ki faɗi tukuna, Goggo," in ji Saja. Ta zare wasu siraran sanduna biyu daga allon, ta duba, ɗaya ta yi tsatsar gishiri. Ta ajiye ta gefe, ta mayar da mai kyau. Ta sake dannawa.

Fanka ta ɗauka. Koriyar fitila ta kama. Na'urar ta yi ƙara ɗaya, gilashin ya yi haske.

Sufeto ya ce in fita. Na ƙi.

Na ga Su-yen ta fito daga ɗakin ƙanƙara riƙe da wata farar jarka. Wani mutum ya tare ta, sanye da rigar ruwa da hular kwano a rufe. Ya kai hannu ga jarkar, ta ƙi saki. Ya murɗe mata yatsu. Ta kafa masa haƙora a hannun hagu, ta riƙe kamar karen farauta. Sai ya zaro ƙugiya daga jikin bango ya kafta mata a kafaɗa. Ta durƙusa. Ya juya ƙugiyar ya sauke mata ƙotar ƙarfen a ƙeya. Ta motsa, ya ƙara. Sannan ya kama ƙafarta ya ja ta ciki kamar kifin da aka sauke daga jirgi, jini na bin su a ƙasa.

Ban yi kuka ba. Na ciji leɓena har na ji gishirin jinina.

Saja ta tura hoton gaba. Ga Hung, fuska a fili. Ya leƙa ciki, ya fito, ya kira masu shara, yana nuna musu da yatsa.

Sufeto ya juya ya damƙi kwalar Kuo ya manna shi da bango.

"Shekaranjiya ta mutu, ko? Ta mutu shekaranjiya tana ɗaukar hoton yau?"

"Yallaɓai, ina da jikoki!"

"Ita ma tana da uwa. Wa ka ba makullin ofis?"

"Shugaba ne ya karɓa. Ya ce in je in ci taliya, kada in dawo sai ya kira ni. Ban ga wanda ya shiga ba, na rantse."

Fuskar mai hular kwano ba ta fito ba, kuma irin rigar ruwan nan kowa a kasuwa yana da ita. Saura ledar.

Madam Yeh mai shagon bakin ƙofa tana jera kwalabe muka shiga. Sufeto ya ajiye ledar a kan kantar shagon.

"Wa ke sayen rawaya a nan?"

"'Yan makaranta. 'Yan kasuwa ko kyauta ba sa karɓa, kowa yana da firiza da sikeli."

"Yau fa?"

Ta kalli ledar, ta kalli ƙofa. Shagon nata na ƙungiya ne, Hung ke ba da haya.

"Mutane da yawa suna shigowa. Ban tuna ba."

Na buga kantar da tafin hannu har kwalabe suka yi rawa.

"Yeh, dube ni! Ranar da mijinki ya faɗi a nan, wa ya goya shi zuwa bakin titi? Su-yen ce. Yanzu tana kwance ƙeyarta a fashe, ke kina tsoron haya?"

Ta fashe da kuka.

"A-fa ne. Da rana tsaka, kasuwa ta watse. Hannunsa a naɗe da tsumma. Na ce masa, 'A-fa, firizar wa za ka kashe?' Wasa nake yi. Ya kalle ni kamar zai cinye ni."

Washegari da asuba kasuwa ta cika. A-fa yana tsaye a teburinsa yana yi wa wata mata kirarin kifi. Hung yana gefe da kofin shayi. Sufeto ya iso da 'yan sanda biyu, ni ina biye.

"A-fa, jiya ka ce ko kusa da kasuwa ba ka zo ba."

"Haka ne, Yallaɓai."

Sufeto ya ɗora rawayar ledar a kan sikelinsa. Matan da ke kusa suka yi ihu suka janye kayansu.

"Ɗauke ta daga sikelina!" A-fa ya daka tsawa.

"Ka san ta ke nan. Kwamfutar ta tashi, A-fa. Gishirinka bai yi aiki ba, wannan ma ba ta yi ba. Cire safar hagu."

"Wuƙa ce ta yanke ni."

"Cire mu ga wuƙa mai haƙora."

A-fa ya kalli kawunsa. Hung ya kalli shayinsa.

Sai A-fa ya kifar da teburin. Kifi da ƙanƙara suka watse, ya suri doguwar wuƙar yankan kifi ya kai wa Sufeto sara. Sufeto ya kare da hannu, wuƙar ta tsarge shi daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, jini ya yi tsartuwa kan farin takalmin wata mata. A-fa ya bangaje ɗan sanda ɗaya, ya mangare na biyu da gwiwar hannu a hanci, ya nufi ƙofar baya.

Layin baya namu ne. Mai sayar da jatan lande ta watsa masa bahon ƙanƙara a ƙafa, ya tafi da baya, kansa ya daki siminti. Kafin ya miƙe mata sun rufe shi, da shebur, da bokiti, da katakon yanka. Ni dutsen wasa wuƙa ne a hannuna. Na sauke masa a baki. Na ji haƙora sun ba da ƙara. Da na ɗaga zan ƙara, Sufeto ya riƙe ni da hannunsa mai jini.

"Ya isa, Goggo. Bar masa bakin da zai yi magana."

Aka fizge safar. Ga shatin haƙoran Su-yen, sun nutse har ƙashi, wurin ya kumbura ya yi shuɗi.

"Me ke cikin jarkar?" in ji Sufeto.

A-fa ya tofar da jini. "Ruwan da ake yi wa gawa a asibiti. Kaɗan nake zubawa, kifi ya daɗe. Ta gano inda nake ɓoyewa, ta ce za ta kai hukumar lafiya. Na roƙe ta. Na ce ta rufa mini asiri, ta ce in bari yaran da suka ci kifina su rufa mini. Ban yi niyya ba, ta cije ni ne."

"Sau biyu ba ka yi niyya ba? Kwamfutar fa?"

"Na zuba mata gishiri ta yi ƙara ta mutu. Amma na ga koriyar tana nan a kai. Na ce za ta iya tashe ta. Na farke na zubar. Har na sauka, zuciyata ba ta kwanta ba. Shi ne na je na sayo rawaya."

Aka sa masa ankwa. Ana jan sa zuwa mota ya waiga, baki duk jini, ya yi kururuwa kasuwa duka ta ji.

"Kawu! Ka ce ka gyara komai! Kai ka ba ni makullin! Kawu!"

Hung ya ajiye kofinsa ya ce yaron ya haukace.

A-fa yana tsare, zai ga alƙali. Sufeto Liao ya sha ɗinki a hannu, ya yi aikinsa, ba ni da magana a kansa. Amma kai Hung, an gayyace ka caji ofis, an ba ka kujera mai laushi, ka ce ka zaci haɗari ne, ka wanke ne don kada wani ya zame. Kafin la'asar kana gida. Kuo ya janye maganarsa, wai tsufa ya sa ya ruɗe. An mayar da Sufeto wani gari a kan dutse, inda ko kifi ba a sayarwa. Kai kuwa har yau kana zaga tebura kana gaisawa da mutane, kuma ka aiko mini da kwandon 'ya'yan itace na ta'aziyya. Na zuba wa aladun maƙwabcina.

Su-yen tana nan a firijin asibiti. An kawo mini takardar ƙonawa an ce in dangwala yatsa, na ƙi, kuma ba zan dangwala ba. Mai gabatar da ƙara na wannan gari, kai nake wa magana yanzu. Hoton yana hannunka, kasuwa guda ta ji abin da A-fa ya faɗa. Kowace safiya za ka same ni a matakalar ofishinka da rigar aikina mai ƙarni, har sai ka kira shi. Ka tsayar da Hung a gaban alƙali, a gabana, ya faɗi da bakinsa jinin wa ya wanke, kuma don wa.